Dattawan Maiwurno da Lissafin Gobe

 Yau sharhinmu ya leƙa Maiwurno da ƙauyukan Hausawa na gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, wajen dattawan da har yanzu suke riƙe da gidajensu da kansu.

Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa garin a 1906, bayan Turawa sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka nemi hannu, Hausawa da dama suka shiga ƙwadago. Ɗan ƙwadago kuwa ba shi da fansho. Guzurin tsufansa 'ya'ya ne, da ɗan fili a bakin kogi, da 'yan awaki.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya birkita wannan lissafi. 'Ya'yan da ke aiko da kuɗi daga Khartoum da Wad Madani su ne suka dawo, da goyo da ƙunshin kaya, suka sauka a ɗakin tsohuwa. Wadda ake cewa ta huta, sai ga ta da asuba tana suyar gyaɗa, tana ƙulla ta a leda domin jikoki su samu koko.

Tambayi irin wannan baiwar Allah yadda take hangen gaba. Mutuwa ba ta cika ba ta tsoro ba. Da yawa ma sun ajiye kuɗin likkafani tun tuni. Abin da ke hana ta barci shi ne ranar da ƙafa za ta gaza, a ɗauke ta a kai ta gidan suruki ko sansanin gudun hijira. "Kada Allah ya sa in zama kaya," haka za ka ji ana cewa.

A ganina, masu agaji suna kuskure idan suka rubuta dattijo a jerin bakunan da za a ciyar kawai. Bukatarsa a bayyane take: maganin hawan jini da na ciwon sukari a asibitin ƙauye, iri kafin damina, da hanyar karɓar tallafi ba sai ta manhajar banki ta Bankak da ke wayar jikansa ba. Diwanin Zakka da ƙungiyoyin agaji su fara da zama a zaurensa, su ji daga bakinsa.