An bar jaki ana dukan taiki: abin da ramin Alamogordo ya tona

Shekara 30 cur duniyar masu wasan bidiyo tana zagin mutum ɗaya mai suna Howard Scott Warshaw. An ce shi ne ya ƙera wasa mafi muni a tarihi, shi ya karya kamfanin Atari, shi ya ruguza kasuwar wasanni a Amurka, har kunya ta sa aka kwashe aikinsa aka binne a juji. A 2014 aka tone jujin, sai ramin ya ba da shaidar da ta saɓa wa wannan labari. Ni malamin makaranta ne, wasan bidiyo bai dame ni ba, amma wannan shari'a ta dame ni, don kuwa irinta ake yi mana duk shekara in sakamakon jarrabawa ya fito.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuni na 1982 fim ɗin Steven Spielberg mai suna E.T. ya fito, ya yi kasuwar da ba a saba gani ba. Kamfanin Warner, wanda ya mallaki Atari a lokacin, ya ga garaɓasa. Shugabansa Steve Ross ya sayi izinin mayar da fim ɗin wasa a kan kuɗin da suka haura dala miliyan 20, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ba a gama cinikin ba sai ƙarshen Yuli, alhali ana son kaya su cika kantuna kafin Kirsimeti, lokacin da iyaye a can ke saya wa yara tsaraba. Kafin a buga kaset, a zuba a kwali, a rarraba, dole wasan ya kammala ranar 1 ga Satumba. Sai aka kira Warshaw aka ba shi mako biyar da ƴan kwanaki, a aikin da aka saba yi cikin wata shida ko fiye.

Warshaw ba ɗan koyo ba ne. Kafin nan ya yi wasanni biyu, Yars' Revenge da Raiders of the Lost Ark, kowanne an sayar da sama da miliyan guda. Ya karɓi aikin, ya cika alkawari a kan lokaci. Ba a tsaya an gwada wasan a hannun yara yadda ya kamata ba, aka buga kaset wajen miliyan 4. Yara suka kunna, suka tarar da ɗan halittar nan yana ta faɗawa cikin ramuka, in ya fito ya sake komawa, har ran yaro ya ɓaci. An sayar da kimanin miliyan ɗaya da rabi, sauran suka yi kwantai ko aka mayar wa kamfani.

A 1983 Atari ya yi asarar dala miliyan 536. A watan Satumba na shekarar, manyan motoci suka ɗauko kaya daga ma'ajiyar kamfanin a El Paso ta jihar Texas, suka kai jujin garin Alamogordo a jihar New Mexico. Aka zuba, aka murƙushe. Da aka ga yaran gari suna shiga suna tsince kaset, sai aka malala siminti a sama. Jaridu sun ba da labarin a lokacin, har da New York Times. Amma da shekaru suka ja, sai batun ya koma tatsuniya: wasu na cewa miliyoyin E.T. ne a ƙasa, wasu na cewa ba a taɓa binne komai ba.

A 2013 majalisar garin ta bai wa wani kamfanin shirya fim izinin tono. Ranar 26 ga Afrilu 2014, a gaban ɗaruruwan ƴan kallo, cikin iska da ƙura, injin haƙa ya nutsa kusan mita 9 ya fara fito da kaya. An zaƙulo kaset wajen 1,300. James Heller, ma'aikacin Atari da aka ɗora wa aikin binnewar tun 1983, ya ce abin da aka zuba ya kai 728,000. To me aka gani? An ga E.T., gaskiya ne. Amma an ga Centipede, an ga Space Invaders, an ga Missile Command, an ga Defender, wasannin da suka yi suna kuma suka kawo wa kamfanin riba. Ramin ba kabarin wasa ɗaya ba ne. Kamfani ne ya buga kaya fiye da abin da kasuwa za ta ɗauka, mai kyau da maras kyau, ya rasa inda zai kai su, ya tura ƙarƙashin ƙasa. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan dai mita 9 ne.

Akwai ma wata shaidar da ta riga tonon. Tun farkon Disamba 1982, kafin a san makomar cinikin Kirsimeti, Warner ya sanar da cewa ribar da ake tsammani ba za ta samu ba, darajar hannun jarinsa ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. A lokacin kasuwa ta riga ta cika maƙil da wasanni na banza daga kamfanoni barkatai, ana karyar da farashi, masu saye sun daina yarda. Gini ya tsage tun daga tushe kafin E.T. ya iso. Amma wanda ya ƙulla cinikin a makare, da wanda ya yanke wa'adin mako biyar, da wanda ya sa hannu a buga miliyan 4, mutane kaɗan ne suka riƙe sunayensu. Sunan wanda ya zauna ya yi aikin da hannunsa shi ya shiga bakin duniya.

Iyaye, ku dubi wannan ku dubi makarantar unguwarku. A takarda, shekarar karatu tana farawa a Oktoba, wata tara ne. A ƙauyuka da gefen birane da yawa, ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, yara ma ba sa cika aji sai an kai amfanin gona gida. Da hadarin farko ya taso, rumfa ta tafi, karatu ya bi ta. A tsakani ga yajin aiki, ga malamin kwantiragi da ya bar aji ya tafi birni bin haƙƙinsa na watannin baya. Tsarin karatun kuwa bai ragu da shafi ɗaya ba. Na taɓa riƙe aji mai yara sama da 90, littafin karatu ɗaya a gaban yara biyar, na gefe yana leƙen baƙaƙe a karkace, na gaba yana ganinsu a kife. Wannan shi ne mako biyar ɗinmu. In sakamakon BEPC ya fito da ja, a majalisa da tashar mota da gidajen rediyo magana ɗaya ce: malaman yanzu ba su iya komai ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai Warshaw da bakinsa ya amsa, ba wanda ya ɗaure shi, kuma wasan da gaske bai yi kyau ba. Haka ne. Za a ce a cikin malamai akwai malalata, akwai masu zuwa a makare, akwai wanda in ka ba shi jarrabawar ajin da yake koyarwa sai ya yi gumi. Wannan ma haka ne, kuma ba na kare su. Wanda ya ci amanar yara a hukunta shi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ɗauki wanda bai iya ba, ya miƙa masa alli bayan horon ƴan makonni? Wa ya buɗe makaranta ba aji, ba tebur, ba littafi, don a ƙirga ta cikin ayyukan da aka yi? Mai yanke wa'adi da mai ƙidayar kaya su ne ke da kaso mafi girma a sakamako, a Atari da a lakwal duka. Zagin na ƙasa yana da daɗi saboda ba shi da tsada, kuma yana rufe ramin da na sama suka haƙa.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin Alamogordo shi ne yadda ya ƙare. Kayan da aka binne don ba mai so sun koma abin gwanjo. Hukumar garin ta sayar da kaset kusan 900 ta eBay, ta tara sama da dala dubu 100. E.T. guda ɗaya, a murƙushe, da ƙasa a jikinsa, an saye shi sama da dala 1,500. Wani yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. An yi fim mai suna Atari: Game Over, kowa ya ci ribarsa. Warshaw kansa yana wurin ranar tonon, ya ga jama'a suna yi masa tafi, bayan ya daɗe da barin sana'ar ya koma mai ba mutane shawara kan damuwar zuciya. Su can kuskurensu roba ce da waya, ta jira shekara 30 a ƙasa ta fito da daraja. Namu kuskuren yaro ne. Yarinyar da ta gama CM2 ba ta iya karanta wasiƙa ba, ba wanda zai tono ta bayan shekara 30 ya kai ta gidan tarihi. Tana nan a gidan miji ko a bakin kasuwa da tiren talla, kuma an riga an rubuta cewa laifin mushe ne.

Don haka ina kira ga iyaye da kwamitocinsu na makaranta, kada ku jira masu fim. Ku yi tonon da kanku tun shekara ba ta ƙare ba. Ku samu littafi guda ku riƙa rubuta kwanakin da aka yi karatu da gaske, daga ranar buɗewa zuwa ranar rufewa. Ku ƙirga yaran kowane aji, ku ƙirga littattafai, ku ƙirga tebura. Ku rubuta ranar da aka kafa rumfa da ranar da iska ta kwashe ta. Ku rubuta ranakun da malami bai zo ba, da dalilin rashin zuwansa, ko nasa ne ko na wanda ya riƙe masa albashi. In sakamako ya fito, ku ajiye wannan littafi kusa da shi, sannan ku yi hukunci. In malami ne ya gaza, lissafin zai nuna shi, ba inda zai ɓuya. In kuwa wata biyar aka ba shi ya yi aikin wata tara, ku ɗauki littafin ku kai wa waɗanda suka yanke wa'adin, ku tambaye su da babbar murya.

Ƴan uwana malamai kuma, mu daina amsa mako biyar da murmushi. In an ba ka abin da ba zai yiwu ba, ka faɗa tun a Oktoba, a rubuce, a gaban iyaye. Wanda ya yi shiru ranar da ake yanke wa'adi, sunansa za a kira ranar da ake neman mai laifi.