Suna Linzami Ne: Da Wane Suna Ƙungiyar Birniwa Za Ta Fita?

 A makon nan za mu leƙa filin wasa, amma ba maganar wanda ya ci da wanda aka ci za mu yi ba. Tambaya ce ɗaya na zo muku da ita. A ce gobe an kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa a Birniwa, ta ƙwallon ƙafa ko ta hoki, wanda wasu ke kira ƙwallon gora, aka ce ku za ku raɗa mata suna, ku zaɓi launin rigarta, ku zana tambarinta. Me za ku kawo?

Na san amsar da wasunku za su fara bayarwa. Duk wanda ke zuwa kallon gasar unguwanni a garuruwanmu, daga Haɗeja har Malam Madori da Birniwa, ya saba jin ƙungiyoyi masu sunan aro. Wannan Chelsea, waccan Barcelona, ga kuma Arsenal har biyu a gasa guda. Don nishaɗin yamma babu laifi. Amma ranar da ƙungiya ta girma ta nemi shiga gasar ƙasa, sai ta yi rajista da sunan da yake nata, ta buga riga da tambarin da babu mai ƙwace mata shi. A ranar ne ake gane cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Bari mu fara da wani misali na kwanan nan daga Amurka. A shekarar 2024 aka kafa sabuwar ƙungiyar hokin ƙanƙara a jihar Utah. Masu ƙungiyar ba su yi gaggawar raɗa suna ba. Sai da suka buga kakar wasa guda cur da sunan wucin gadi, Utah Hockey Club, suka bar magoya baya suna kaɗa ƙuri'a zagaye bayan zagaye. Sunan da mutane da yawa suka fi so shi ne Yeti, wani dodon duwatsun ƙanƙara na tatsuniya. Sai dai akwai wani kamfanin kuloli da ya riga ya yi rajistar sunan, don haka dole aka haƙura da shi. A watan Mayun 2025 aka sanar da suna Utah Mammoth, wato wata irin giwa mai gashi da ta ƙare a duniya tun dubban shekaru, wadda aka tono ƙasusuwanta a jihar. Suka ɗauki baƙi da fari da shuɗi, suka zana kan giwar da duwatsun yankinsu a samansa. Abu biyu za ku lura da su a nan. Sun nemo sunan ne daga cikin ƙasarsu, kuma sunan da aka fi so ma ya faɗi saboda wani ya riga su mallakarsa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ku dubi sunayen ƙungiyoyin Arewa, kowanne da labarinsa. Wikki Tourists ta Bauchi ta samo sunanta daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke dajin Yankari. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana ɗauke da sunan Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno. A fagen hoki akwai Kada Stars da Kada Queens na Kaduna, kuma kowa ya san dangantakar kada da sunan garin. A ƙetaren iyaka, maƙwabtanmu na Nijar suna kiran ƙungiyar ƙasarsu Mena, sunan wata irin barewa ta yankin Sahel. Ita kuwa Kano Pillars, an kafa ta ne a 1990 bayan an haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Da an ɗauki sunan ɗaya daga cikin ukun, da magoya bayan sauran biyun sun ji an ware su. Sai aka fito da sabon suna mai nufin ginshiƙai, wanda kowa zai iya fakewa a ƙarƙashinsa. Ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma har yau in ka ji filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya ɗauki "Sai Masu Gida", ka san suna da kirari sun zauna.

Wannan darasi na Pillars ya fi kowanne shafar mu. Birniwa gari ne na Bahaushe da Bamange da Bafulatani, ga manomi ga makiyayi ga ɗan kasuwa. Sunan da ya ɗauki ƙabila ɗaya ko unguwa ɗaya ya riga ya kori rabin 'yan kallo tun ba a busa usur ba. Haka nan sunan mai riƙe da mulki. A zamanin da Muhammad Badaru Abubakar yake gwamna, daga 2015 zuwa 2023, 'yan jarida kan yi wa Jigawa Golden Stars laƙabi da Badaru Boys. Wa'adi ya ƙare, ƙungiya tana nan, kuma sunanta na asali ne ya ci gaba da riƙe ta. Mulki wa'adi gare shi, ƙungiyar gari kuwa so ake jikokinku su tarar da ita.

To daga ina za mu samo namu? Ku ɗaga kai ku dubi abin da ke kewaye da ku. Ga layin dogon da ya taso daga Kano ya ratsa Birniwa ya nufi Nguru tun zamanin Turawa. Ga riɗi da kankana da gero da ƙasarmu ke bayarwa. Ga goriba da gawo da kuka. Kudu da mu ga fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke tahowa tun daga Turai su yi hunturu, har dausayin Baturiya ya shiga jerin dausayoyin da duniya ta amince a kare a 2008. Garin da ke da wannan duka bai rasa abin raɗa suna ba.

Amma kafin ku tsayar da suna, ku ba abokan hamayya aron bakinku. Duk sunan da kuka zaɓa, magoya bayan ɗaya ɓangaren za su juya shi su yi muku waƙa da shi. In kun ce Kankanar Birniwa, za su ce yau sai sun fasa. In kun ce Tarwaɗa, za su ce sun zo da itacen banda. Gawo bishiya ce mai abin mamaki, tana zubar da ganye da damina, ta yi kore shar da rani lokacin da sauran suka bushe, ga shi tana gyara gona. Ma'anar ta dace da ƙungiyar da ba ta karaya. Sai dai harafi ɗaya ne tsakanin gawo da gawa, kuma ranar da aka zura muku uku ba ko ɗaya, kun san abin da za ku ji daga bakin 'yan kallo. Don haka ku faɗi sunan da ƙarfi sau goma, ku sa shi a kirari, ku gwada shi a bakin ƙaramin yaro da na tsohuwa. In ya tsira daga nan, ya kama hanya.

In da za a tambaye ni, shamuwa zan kawo. Kowa ya san ta, kowace ƙabila tana murna da zuwanta domin ita ke albishir da damina, a tsakiyar gari take sheƙa kuma ba a taɓa ta. Za a iya yi mana gorin cewa baƙuwa ce mai tafiya in kaka ta yi, mu kuma mu ce duk shekara sai ta dawo, kuma in ta dawo da ruwa take zuwa. Wani abin da ya ƙara min son ta shi ne ta zo da launinta a jiki, baƙin baya da farin ciki da ɗan ja a ƙafa. Ga riga an gama. Wannan zaɓina ne kawai, kuna iya kawo wanda ya fi shi.

Mu koma kan launi. Mutane kan ɗauka ado ne kurum, alhali da zarar magoya baya sun saba da launi ya zama nasu. Ƙungiyar Cardiff City ta Birtaniya ta shafe kusan shekara ɗari tana saka shuɗi. A 2012 mai ƙungiyar, attajiri Vincent Tan ɗan ƙasar Malesiya, ya mayar da rigar ja. Magoya baya suka ƙi, suka yi ta zanga-zanga suna zuwa fili da tsofaffin rigunansu, har sai da aka dawo da shuɗin a watan Janairun 2015. Kuɗinsa ne, amma launin na mutanen gari ne. Mu ma nan gida, kafin samun 'yancin kai ƙungiyar Najeriya jan riga take sakawa ana kiranta Red Devils. Bayan 1960 ta koma kore da fari irin na tuta, ta zama Green Eagles, sannan Super Eagles a 1988. Tun daga lokacin salon ɗinkin rigar ya sha canzawa, amma kore da fari suna nan.

Wajen zaɓen launi akwai abubuwan da ɗan Birniwa ya kamata ya auna waɗanda ɗan Landan ba ruwansa da su. Filayenmu na rairayi ne, ga ƙurar hunturu, don haka farar riga zalla kafin a tafi hutun rabin lokaci ta koma ruwan ƙasa. Baƙa zalla kuma tana shan zafi a watan Afrilu. Wasu launukan rana na saurin kashe su bayan wanki kaɗan. Sannan yawan launi yakan ƙara kuɗin bugawa, shi ya sa biyu ko uku sun wadatar. Dokar ƙwallon ƙafa ta ce dole rigunan ƙungiyoyin biyu su bambanta da juna da kuma ta alƙalin wasa, mai tsaron gida ma da tasa daban, saboda haka tun farko ku tanadi riga ta biyu ta zuwa baƙunta. Ku kuma tuna akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai, don haka lamba ja a kan koriyar riga ba dabara ba ce.

Saura tambari. A nan ne masu zane a cikinku kan so su zuba duk abin da suka iya: zaki da ƙwallo da tauraro da takobi da kogi da rana, duk a cikin da'ira ɗaya. Ku ji labarin tutar ƙasarmu. A 1959 wani ɗalibi mai suna Michael Taiwo Akinkunmi, yana ɗan shekara 23 yana karatu a Ingila, ya shiga gasar zana tutar Najeriya. Zanen da ya aika yana da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar suka bar kore da fari da kore, kuma yau ɗan aji ɗaya na firamare yana iya zana ta. Ɗalibi ne ya yi wannan aiki, bai fi yayyenku da ke jami'a shekaru ba.

Ga gwaji huɗu da za ku yi wa duk tambarin da kuka zana. Na farko, ku nuna wa abokinku shi na ɗan lokaci, ku ɓoye, ku ba shi alli ya zana a allo. In ya kasa, zanen ya cika tarkace. Na biyu, ku ɗauki hotonsa ku mayar da shi ƙarami kamar hoton da ake sa wa a WhatsApp, ku ga ko ana gane shi. Na uku, ku kai a yi muku kwafinsa baƙi da fari, domin takardun gasa ba kullum ake buga su da launi ba. Na huɗu, ku kai wa mai aikin sirfani ko telan unguwarku ku tambaye shi ko zai iya fitar da shi a aljihun riga. In ya yi tsaki, ku rage.

Akwai kuma abubuwan da ba sa shiga tambari ko kaɗan. Dokar wasa ta hana saƙon siyasa ko na addini a jikin kayan 'yan wasa, don haka tsintsiya da lema su tsaya a wajen kamfe. Rigar wasa kuwa ana faɗuwa da ita a ƙasa, ana jiƙa ta da gumi, ana jefa ta a bokitin wanki, saboda haka ba wurin rubuta aya ko sunan Allah ba ne. Sannan kada ku ɗauko tambarin wata ƙungiya a intanet ku goge sunanta ku sa naku. Mai shi ya yi rajistarsa, kuma ranar da rigarku ta fara kawo kuɗi ita ce ranar da za ku rasa ta.

Kada ku ɗauki wannan a matsayin wasa kawai. Zanen tambari sana'a ce da ake ci da ita. Makarantu da shaguna da masu sarrafa man riɗi da masu ɗinki duk suna neman wanda zai fitar musu da suna da alama. Wanda ya iya tambayar kansa su wane ne mu, me muke da shi, yaya za a gane mu daga nesa, ya koyi abin da zai yi masa amfani ko bai taɓa buga ƙwallo ba.

Ga aikin wannan mako. Ku haɗu ku biyar-biyar a ajinku, mata da maza kowa da damarsa. Kowane rukuni ya kawo suna ɗaya da dalilinsa a jimla uku, da launi biyu ko uku, da tambari a takarda guda, da kirarin da bai wuce kalma biyar ba. Ku roƙi malamin wasanni ko malamin Hausa ya jagoranci zaɓe, kowa ƙuri'a ɗaya, a ɓoye. Wanda ya yi nasara ku aiko da shi ta hannun editan wannan shafi tare da sunan makarantarku. 'Yan Guri da Kiri Kasamma da Kaugama da Auyo da Kafin Hausa, ku ma ku yi wa garuruwanku. Ina jiran wanda zai kayar da shamuwata.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.