Mai Kare da Hanyar Gida: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato, hanyar Zariya zuwa Kano kan cika maƙil da masu komawa gida. Daga cikinsu akwai matasan Kura, Bunkure da Garun Malam waɗanda neman halaliya ya kai su nesa, wasu aikin gadi, wasu kuma farauta a dazuzzukan Kudu da na tsakiyar ƙasar nan. Da yawansu kan taho da karnukansu a bayan tirela ko a-kori-kura, a tsakanin buhuna da jarkoki. An saba ganin haka har ba a ɗaukarsa a bakin komai, alhali kuwa haƙƙoƙi uku ne rataye a wuyan duk wanda ya ɗora kare a mota: haƙƙin ransa, haƙƙin jama'ar da zai sauka a cikinsu, da haƙƙin shi kansa karen.

Da farko ya kamata 'yan uwa su san matsayin al'amarin a Shari'a. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar da aka horar ta kamo, muddin an ambaci sunan Allah. Hadisai a cikin Bukhari da Muslim sun ba da izinin ajiye kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko gadin gona, tare da gargaɗin cewa wanda ya ajiye shi ba don ɗayan waɗannan ba, ladansa na raguwa kullum. As'habul Kahfi ma samari ne da suka bar garinsu don tsira da imaninsu, kuma karensu na tare da su har bakin kogo. Saboda haka mafaraucin Bunkure da manomin Kadawa suna da madafa. Amma saurayin da ya zuba maƙudan kuɗi ya sayi karen waje don kwaikwayon Turawa da burge 'yan unguwa, maƙwabcinsa kuwa na kwana da yunwa, lallai ya sake tunani. Malamai sun saɓa kan tsarkin kare: Malikiyya na ganin jikinsa mai tsarki ne, wasu mazhabobin na ganin najasa ne. Ko wanne mutum ya bi, ba shi da ikon barin karensa ya lashi tufafin abokin tafiya ko ya sa baki a butar alwalarsa.

Batun haƙƙin rai kuwa, mutanen Bunkure ba sa buƙatar a tuna masu. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwanaki kaɗan Ƙaramar Sallah, 'yan banga suka tare wata babbar mota a garin Uromi na Jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Jihar Ribas za su gida hutun Sallah. Da aka ga bindigogin farautarsu sai aka yi masu sharrin cewa masu garkuwa da mutane ne, gungun jama'a suka far masu, aka kashe mutum 16, wasu aka ƙone su. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da dama daga cikinsu 'yan ƙauyen Torankawa ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure, inda gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je da kansa ta'aziyya. Wannan kisa zalunci ne tsagwaronsa, laifinsa na kan waɗanda suka aikata shi, kuma babu takardar da za ta tare gungun da ya riga ya yanke hukunci. Duk da haka, abin ya nuna irin kallon da ake yi wa baƙon da aka gani da bindiga ko kare a ƙasar da tsoro ya cika zukata. Don haka wajibi ne mafarauci ya riƙe shaidar ɗan ƙasa, da izinin bindigarsa, da takardar shugabannin sana'arsa, ya kuma sanar da na gida motar da ya hau da hanyar da za ta bi. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Haƙƙi na biyu shi aka fi sakaci da shi, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo shi. Abin tsoron shi ne, kare na iya ɗaukar ƙwayar cutar a daji ko a faɗa da wani kare, ya yi makonni ko watanni yana cin abincinsa lafiya lau, ya hau mota ya ƙetare jihohi biyar ko shida, sai ya sauka a ƙauye sannan ciwon ya tashi. A nan zai ciji karnukan gari, ya ciji awaki, ya ciji yaran da ke wanka a bakin kanal. Ba kowane mai ciwon ne ke haushi da cizon itace ba. Wani sai dai ya yi laƙwas, miyau na zuba, muƙamuƙinsa ya saki. A jikin mutum alamun kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma da zarar sun bayyana, da wuya ƙwarai a tashi.

Amma Allah cikin rahamarsa Ya sanya wa abin rigakafi. Tun 1885 Luwi Fasto ya yi wa wani yaro allurar farko a Faransa ya rayu, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana haɗa allurar karnuka. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar kan daina yaɗuwa. Sai dai allurar na buƙatar makonni kafin ta kama jiki, don haka wanda zai tafi gida Sallah, tun kafin azumi ya kamata ya kai karensa wurin likitan dabbobi ya karɓi katin shaida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuwa ƙaddara ta afka kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, a tsare karen ana lura da shi kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara wa mutum allura. Masu cewa a ƙona gashin karen a shafa a ciwon, da rayukan bayin Allah suke wasa.

Cikin haƙƙin jama'a har da gonakinsu. Yankin Kura da Bunkure ba dajin Allah ba ne da za a saki kare ya yi ta gudu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta ke bin magudanai yana shayar da shinkafa, alkama, tumatir da albasa, rani da damina. Kowane fangali da ido ya gani, akwai kuɗin taki, da iri, da lebura a kansa, sau da yawa ma bashi ne. Karnuka biyar da suka biyo zomo ko gafiya ta cikin renon tumatir za su tattake cikin minti kaɗan abin da zai cika kwanduna a Kwanar Gafan. Wanda ya saki karensa ya yi ɓarna, biya na kansa, ko mai gonar ya gani ko bai gani ba, domin Mai gani Yana gani. Haka nan cinna wa ciyawa wuta don korar nama a kusa da alkamar da ta bushe, ta'adi ne da babu uzurin da zai wanke shi.

Na uku, shi ma karen yana da haƙƙi. Ya inganta a Hadisi cewa an gafarta wa wani mutum don ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, an kuma azabtar da wata mata don ta kulle kyanwa har ta mutu. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, ɗaure shi a kan ƙarfen mota ko tura shi cikin but azabtarwa ce, kuma yakan mutu a haka. A ba shi inuwa da iska, a shayar da shi duk inda aka tsaya, kada a cika masa ciki dab da tashi, a sassauta igiyar yadda ba za ta shaƙe shi ba in mota ta taka burki. In an iso gona a nesanta shi da robobin maganin ƙwari da na ciyawa da ake yasarwa a bakin ruwa, a kuma cire masa kaska.

Turawan da ake kwaikwayo wajen yawo da kare ba haka kawai suke ɗaukarsa su hau hanya ba. A ƙasashen Tarayyar Turai kare na da fasfo nasa tun 2004, kuma sai allurarsa ta farko ta kwana 21 kafin ya ƙetare iyaka. Ingila ta shafe shekaru tana tsare duk karen da ya shigo na wata 6 kafin ta sassauta a 2000. Amurka kuma ta ƙara tsaurara sharuɗɗanta a watan Agustan 2024, musamman ga karnukan ƙasashen da cutar ta yi yawa, ciki har da Nijeriya. Abin takaici, an kwaso ado an bar tsarin.

Saboda haka nauyi na kan kowa. Gwamnatin Jihar Kano da ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam su kai allurar karnuka har ƙauyuka kyauta, gabanin lokacin farauta da gabanin Sallah, su kuma tabbatar akwai allurar mutane a asibitocin yankin kan farashin da talaka zai iya. Hukumomin tsaro su kare matafiyi a duk inda yake, a kuma bi kadin jinin waɗanda aka kashe a Uromi. Shugabannin mafarauta su rubuta sunayen mutanensu da karnukansu, su hana wanda ba shi da katin allura shiga ayari. Direbobi su nemi ganin katin kafin su ɗauka. Limamai su yi bayani a kan mumbari. Matasa kuwa, waɗanda su ne masu igiyar a hannu, su sani cewa kare amana ce, kuma za a tambaye su a kanta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.