Sharhi: Wa za a kira idan larurar ƙwaƙwalwa ta tashi da tsakar dare a Gombe?

Asibitin Ƙwararru na Jihar Gombe yana unguwar Jekadafari, a tsakiyar gari. Duk da wannan kusanci, iyalin da ɗansu ya kwana uku bai runtsa ba, yana sambatu, har ya fara farfasa kayan ɗaki, ba su da hanyar kai shi can cikin sauƙi. Mai Keke Napep ba zai ɗauki mutumin da ke fisge-fisge ba. Abin da aka saba gani shi ne maƙwabta su taru su danne shi, a ɗaure shi da igiya, sannan a nemo mai ruƙiya, ko 'yan sintiri, ko 'yan sanda. Likita ne ke zuwa ƙarshe a lissafi, galibi bayan an riga an ji wa marar lafiyar ciwo.

Irin wannan giɓi ne ya sa wasu ƙasashe suka kafa ayarin gaggawa na ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda ke zuwa har inda marar lafiya yake, ya kwantar masa da hankali, sannan ya yanke shawarar ko a bar shi a gida ko a wuce da shi asibiti. A garin Eugene na jihar Oregon a Amurka, shirin CAHOOTS ya fara wannan aiki tun 1989, da mutum biyu kacal a mota: ma'aikacin jinya ɗaya da ƙwararre kan lallashin wanda ya rikice. Ba sa ɗauke da makami, kuma a mafi yawan kiraye-kirayen da suka amsa ba su nemi ɗaukin 'yan sanda ba.

Dokar Najeriya ta riga ta buɗe ƙofa. A watan Janairun 2023 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Sabuwar dokar ta tanadi haƙƙin marar lafiya, ta kuma tanadi asusu na musamman. Buƙatar ma a fili take. Binciken da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma Gombe na cikin jihohin da adadin ya fi yawa a Arewa maso Gabas. Mazauna garin da suka san tarihin 'yan Kalare ba za su yi mamakin hakan ba.

Sayen mota shi ne mafi sauƙi a lamarin, kuma shi ne abin da gwamnatoci suka fi son ƙaddamarwa. Wahalar tana wajen tafiyar da ayarin.

Da farko, wa zai shiga motar? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma suna ci gaba da ficewa ƙasashen waje. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke kula da shiyyar Arewa maso Gabas yana Maiduguri ne. Saboda haka duk ayarin da aka gina a kan cewa likita zai riƙa fita da dare, zai mutu tun bai yi nisa ba. Abin da zai yiwu shi ne ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na matakin farko, waɗanda aka horar bisa tsarin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008, likita kuma yana ba su shawara ta waya daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko daga na Jekadafari.

Dole kuma a sami mace a kowace fita. A gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaure, ayarin maza zalla ba zai taɓa ganin mai jegon da hankalinta ya gushe bayan haihuwa ba, alhali irin wannan larura na daga cikin waɗanda suka fi buƙatar gaggawa, don ran jaririn ma yana cikin haɗari. Haka batun harshe: mutumin da ya rikice yakan koma harshen da ya tashi da shi, ko Fulatanci ne, ko Tangale, ko Tera, ko Waja. Sannan motar kada ta zo da jiniya ko rubutun da zai tona asiri. Iyalin da ke tsoron a ce akwai taɓin hankali a zuriyarsu, har 'yan matan gidan su rasa manema, ba za su sake kira ba idan zuwan farko ya tara musu jama'a a ƙofa.

Akwai kuma malamai da masu unguwanni, waɗanda su ake fara tuntuɓa. Ayarin da ya ɗauke su abokan gaba ya rasa masu sanar da shi. Najeriya tana da darasi a nan: a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama tare da danginsu a gidajen jama'a, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Amma haɗin kai yana da iyaka. Ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka kuɓutar daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, sun nuna inda ake kai mutane idan babu wata mafita.

Wani tarnaƙin na doka ne. Sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka, da hukuncin da zai iya kai shekara ɗaya a gidan yari. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a 2024 don soke wannan tanadi. Kafin a kammala, uwar da ɗanta ya sha guba za ta yi jinkirin buga lambar gaggawa ta 112 muddin tana tsoron 'yan sanda ne za su amsa. Wajibi ne a yi rubutacciyar yarjejeniya da rundunar 'yan sandan jiha kan wane kira ne na lafiya, wane ne na tsaro.

Sai kuɗi. Shirin CAHOOTS, bayan shekara 35 yana aiki ana kwaikwayonsa a faɗin Amurka, ya dakatar da ayyukansa a Eugene a watan Afrilun 2025 saboda ƙarancin kuɗi. Gombe tana da abin da za ta ɗora a kai: gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta gyara cibiyar lafiya ta matakin farko a kowace mazaɓa daga cikin 114 na jihar, ga kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta GoHealth. Waɗannan cibiyoyi ne za su riƙa bibiyar marar lafiya bayan an sallame shi, domin yawancin masu sake rikicewa magani ne ya yanke musu. Man mota, alawus ɗin aikin dare da kuɗin magunguna kuwa sai sun sami gurbi na dindindin a kasafin kuɗin Ma'aikatar Lafiya ta jiha, ba tallafin ƙungiyar da wa'adinta zai ƙare bayan shekara biyu ba.