FIRAMAREN ƘASAR DAURA: A MIƘA WA YARO TAKARDA YA KARANTA MU JI

 Yau ku yi mini haƙuri, zan jingine labarin soyayya a gefe, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da makarantun firamare na gwamnati suke ciki a ƙasar Daura. In na ce ƙasar Daura, ina nufin ƙananan hukumomin nan biyar na masarautar, wato Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Baure.

Duk wanda ya shiga Daura a 'yan shekarun nan ya san garin ya samu rabonsa. A zamanin mulkin marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a shekarar ce kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Alhamdu lillahi, ba wanda zai ƙi wannan alheri. Sai dai tambayar da nake yi kullum ita ce, 'ya'yan wa za su cika waɗannan azuzuwa? Kafin yaro ya taka jami'a sai ya ci JAMB, ya kuma ci WAEC ko NECO, kafin duk waɗannan kuwa sai ya iya haɗa baƙi da wasali tun yana aji biyu ko uku. Shi kansa Buhari ai makarantar En'e ya yi a Daura da Mai'adua, sannan ya wuce Midil ta Katsina. Yau wane babba ne a garin zai yarda ya kai ɗansa irin wannan makaranta?

Ni ba malamin jami'a ba ne, iyakata sakandare, amma sana'ar rubutu ta ba ni wani ma'auni da ba ya ƙarya. A shekarun 1990, lokacin da kasuwar littattafanmu take ci, yawancin masu karanta mu matan aure ne da 'yan mata waɗanda karatunsu ya tsaya a aji shida. Da wannan aji shidan suke cinye littafi na ɗaya da na biyu da na uku, har su rubuto wa marubuci wasiƙa suna yi masa gyara. Waɗannan an tashe su ne da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, daga nan a miƙa musu Magana Jari Ce. Yanzu fa? Ka sami yarinya ta gama firamare, ka ba ta shafi ɗaya na Hausa, sai ta tsaya tana bin haruffa da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Wasu suna cewa waya ce ta sa mutane suka koma sauraron littafi a YouTube. Haka ne, amma a cikin masu sauraron nan akwai da yawa waɗanda ko an ba su littafin kyauta ba za su iya karanta shi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, matsalar Daura ta fi ta wurare da yawa sauƙi. A nan kusan kowane yaro da Hausa yake zuwa makaranta, har 'ya'yan Fulani na ruga suna jin ta. Rubutun boko na Hausa kuma yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Malamin da ya san aikinsa, in ya sami allo da alli da littafi a hannun kowane yaro, ba ya buƙatar shekara uku kafin aji ya fara karatu. Amma me ake yi? Malami ya cika allo da Turanci, yara su kwafa cikin littafi, ya faɗa su amsa da ƙarfi, a tashi. Ba su sami Turancin ba, Hausar ma ta kuɓuce.

Gwamnatin Tarayya ma ta kasa tsayawa wuri ɗaya. A 2022 aka ce a koyar da yara da harshen uwa a duk shekarun firamare, a 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci tun daga farko. Ni dai ban ga yadda yaron ƙauyen Baure, wanda bai taɓa jin Turanci a gida ba, zai koyi karatu da harshen da shi kansa malamin yake fama da shi ba. Alhali shirin RANA da UNICEF ta tallafa wa a jihohin Katsina da Zamfara, da Hausa ya koyar da karatu a ƙananan azuzuwa.

Batun kuɗi kuwa, tun da aka yi dokar UBE a 2004 ake ware kaso biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin ilimin matakin farko, jiha ta kawo nata kason ta karɓa. Galibin abin da ido yake gani daga kuɗin nan gini ne da fenti da katanga, saboda su ne ake ba da kwangila, su ne kuma suke fitowa a hoto. Ban raina gini ba, yaron da yake zaune a ƙasa ruwa yana zuba masa ba zai fahimci komai ba. Gwamna Dikko Radda kuma ya ɗauki dubban malamai aiki a 2023, mun yaba. To amma wa yake bin sawu ya ga ko malamin da aka tura bakin iyaka wajen Kongwalam yana zuwa aji, ko kuwa sai ranar albashi ake jin ɗuriyarsa? Kada kuma a ɗora wa malamai laifin duka. Mu iyaye mu ne muke ɗora wa yarinya tiren talla da hantsi, mu ne muke kwashe yara zuwa gona da zarar damina ta faɗi.

Shawarata ba ta buƙatar kwangila. Masarautar Daura tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni a kowane lungu, kuma maganar Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar ba ta faɗuwa ƙasa. A ƙarshen kowane zangon karatu, dagaci ya ɗauki liman da iyaye biyu, mace da namiji, su shiga makarantar garinsu ba tare da sanarwa ba. Su zaɓi yara goma daga aji uku da kansu, kada hedimasta ya zaɓar musu, su miƙa wa kowane takarda mai layi biyar na Hausa su ce ya karanta. A rubuta adadin waɗanda suka iya, a aika wa hakimi, hakimi ya kai fada, kwafi ɗaya kuma ya tafi ofishin sakataren ilimi. Makarantar da yara takwas suka karanta, a kira malamin ajin a yi masa kyauta a gaban jama'a. Wadda aka sami biyu, a zauna da hedimasta a ji abin da ya rasa.

Takardun gwajin kuwa kada a ce babu. Mu marubuta muna nan, kuma maɗaba'un Kano da suke buga mana littafi mai shafi ɗari ba za su gagara buga ɗan littafin yara mai shafi 16 ba.