Mota Mai Karkarwa A Kwana: A Fara Duba Mai Tukuna

Wannan mako zan bar zancen taki da iri in taɓa zancen mota, gama amfanin gona in bai kai kasuwa ba, wahalar damina ta tashi a banza.

Kakar bara wani manomi a gundumar da na ke aiki ya same ni ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, a-kori-kurata ta kamu. In ina tafiya miƙe lafiya lau, amma da na rage gudu zan sha kwana, sai bayanta ya dinga gurnani, tana karkarwa kamar mai masassara." Wani makanike ya riga ya gaya masa sai an sake aksul ɗin baya ɗungum, watau ƙarfen nan da ya haɗa ƙafafun baya biyu. Har ya fara shawarar sayar da masararsa tun tana arha don ya biya. Na tambaye shi ko an taɓa aksul ɗin kwanan nan. Ya ce an juye masa mai makonni kaɗan da suka wuce. To, nan cutar ta ke.

Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya sani, in an kai ƙarshen kunya za a juyo, san da ke waje ya fi na ciki yawan taku. Haka ƙafafun mota su ke. Tsakanin ƙafar dama da ta hagu wajen mita ɗaya da rabi ne, saboda haka in mota ta yi zagaye guda cikakke, ƙafar waje ta fi ta ciki tafiya da fiye da mita 9. Abin da ke ba su damar wannan bambanci shi ne tulun nan mai haƙora da ke tsakiyar aksul, ana ce masa difarenshal. Amma na gama-gari yana da aibi guda: in ƙafa ɗaya ta faɗa taɓo, ita za ta yi ta juyawa a banza, ɗayar kuwa tana tsaye.

Domin maganin wannan aka ƙera wani iri da a ke kira LSD. Ba sabon abu ba ne, tun 1956 kamfanin Packard na Amurka ya sa shi a motocinsa, kuma akwai shi a cikin waɗansu motocin ɗaukar kaya irin su Toyota Hilux da Mitsubishi L200. Wanda aka fi samu yana da faya-fayan ƙarfe a jere kamar na kuloci, an matse su da juna. A cikin taɓo su kan riƙe, su ba ƙafar da ke kan tsandauri ƙarfi. A kwana kuwa tilas su zame a kan juna sannu-sannu. Wannan zamewa ba ta yin daidai sai da mai na musamman, wanda aka garwaya masa wani sinadari mai santsi. In aka zuba man giya na gama-gari, ko kuwa man ya tsufa, sai faya-fayan su riƙe, su saki, su riƙe, su saki. Karkarwar ke nan, kuma ta kan fi tsanani bayan doguwar tafiya, sa'ad da man ya yi zafi.

Ra'ayina shi ne, kada mai mota ya yarda a kwance masa aksul sai an bi waɗannan hanyoyi bi da bi.

Da farko a saurari ƙarar. In a kwana kaɗai ta ke zuwa, da tafiyar sannu ko ribas, faya-fayan ne abin zargi. In kuwa kuka ne mai tsawo a miƙaƙƙiyar hanya, yana sakewa in an taka totur ko an saki, wannan haƙora ne ko boris na cikin tulun. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu ya fi kama da boris na ƙafa. Bugu guda "ƙwas" wajen tashi kuwa, a duba gaɓoɓin farfela.

Na biyu, in motar mai jan ƙafa huɗu ce, a tabbata ba a bar ta a H4 ko L4 a kan kwalta ba. Irin wadda a ke sa wa ƙafa huɗu don taɓo da rairayi kaɗai, in an sha kwana da ita a busasshiyar hanya haka za ta dinga tirjewa. Masu tarakta sun san ɗan'uwan wannan, in aka manta ba a saki makullin difarenshal ba a ƙarshen gona.

Na uku, a duba tayoyin baya. In girmansu ba ɗaya ba ne, ko ɗaya ba ta da iska sosai, faya-fayan ba su hutawa ko a miƙe a ke tafiya, sai su cinye da wuri.

Na huɗu, a tabbatar da irin tulun. A kashe inji, a sa wa ƙafafun gaba waigi, a ɗaga na baya duka biyu, a fid da giya, a saki birkin hannu, sa'an nan a juya ƙafa ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta gefe guda, mai faya-faya ne. In ta juya baya, ko na gama-gari ne, ko wani irin LSD mai haƙora zalla wanda ba shi da faya-faya, ko kuwa faya-fayan sun riga sun cinye. Ina gargaɗi ƙwarai: kada a ɗaga ƙafa ɗaya a ta da inji a sa giya, gama mai LSD sai ta sauka daga kan jak ta bi ta kan mutum.

Na biyar, a juye man a duba. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, abin da kan faru ga masu ƙetare rafi da damina. Ɗan garin ƙarfe mai laushi a jikin maganaɗisun murfi ba kome, amma ɓarɓashi manya alamar ɓarna ce. A zuba mai lamba GL-5 wanda aka rubuta LS ko LSD a jikin galan, mai kaurin da littafin motar ya faɗa. Bai kan wuce lita 4 ba. Daga nan a sami fili a yi ta zagaye a hankali, dama da hagu, kamar ana zana lamba 8, wajen sau goma, don man ya ratsa faya-fayan.

Haka muka yi wa motar mutumin nan, karkarwa ta ɗauke, masararsa kuwa ta zauna a rumbu har ta yi daraja.

Ban ce mai shi ne maganin kome ba. In an sake shi, an yi tafiyar 'yan kwanaki, karkarwa ba ta daina ba, to faya-fayan sun ƙone, sai a buɗe a sake su, kuma nan ne aikin gwanin makanike. Abin da na ƙi shi ne a fara da mai tsada a bar mai arha. Na kuma ƙi al'adar nan ta yi wa haƙoran walda su zama dunƙule guda. Motar da aka yi wa haka ta kan ci taya, ta yi taurin kai a kwana, wata rana da lodi a kanta sandar aksul ta karye a tsakiyar daji.

Ku masu sayar da mai, ku tanadi mai irin na LSD, ku kuma riƙa tambayar mai saye wace mota za a zuba wa. Ku akawuna masu riƙe da littafin motocin ƙungiyoyin manoma, ku rubuta ranar da aka sake man aksul da irin wanda aka zuba. Ku manoma kuwa, ku ce a nuna muku galan kafin a zuba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.

Malamin Gona