INSHORAR MOTA: ANA KARƁA DA WAYA, TO A BIYA DA WAYA

Jama'a, tun daga 1 ga Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi kan takardar inshora, kowa a Dutse ya koma neman takarda. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, mutane na biya amma ba su san me suka saya ba.

Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. A madadin haka, in ka bugi motar wani ko ka rusa masa katanga, kamfanin zai biya shi har naira miliyan 3, maimakon miliyan 1 ta da. Motarka ba ta ciki fa, ta wanda ka buga ake gyarawa. Wannan shi ne cinikin.

Yanzu ku duba yadda kamfanonin da ke sayarwa kai tsaye ta waya suke girma. Ba dillali, ba kamasho, ba hayar ofishi a kowane gari. Ka shiga intanet, ka sa lambar mota, ka tura kuɗi, takarda ta faɗo. Kuɗin da a da ɗan kamasho ke ci, sai a zuba a talla. Haka GEICO ta Amurka ta yi tun 1936, har Warren Buffett ya saye ta gaba ɗaya a 1996. Abin da ya ja shi kuwa, kuɗin jama'a suna zaune a hannun kamfani ana juya su kafin ranar biyan diyya. A can ranar tana zuwa. A nan fa?

A nan wallahi mun sauƙaƙa musu. Mota ta gogi mota a Shuwarin ko hanyar Kiyawa, mutane su taru, a ce ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba. Dattawa su sa baki, mai laifi ya ciwo bashi ya kai gareji, ko wanda aka buga ya yafe yana ciwon zuciya. Takardar tana nan a aljihun mota ba wanda ya tuna da ita. Yafiya abu ne mai kyau, amma wa ka yafe wa? Kamfanin da ya riga ya karɓi 15,000 ka yafe wa. Lissafi ne mai sauƙi: kuɗin mutum 200 ne ke biyan diyyar miliyan 3 guda ɗaya. In duk 200 ɗin sun yi shiru, an ci bulus.

Ga kuma masu zama a bakin ofisoshin sabunta takardu suna buga ta bogi a farashi mai rahusa. Wannan ko kamfani bai san da zamanka ba. Danna *565*11# ka sa lambar motarka, in ba ta fito a rumbun NIID ba, takardar ƙunshe ƙosai ka saya.

Wani zai ce min ai inshora akwai shubuha. To akwai takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, masu lasisin NAICOM. Je can, amma can ɗin ma ka nemi haƙƙinka.

Ba na adawa da sayarwa ta waya, ta ma fi mana, ta cire 'yan bogi daga tsakani. Magana ta ita ce: kamfanin da bai buƙaci ofishi a Dutse ba kafin ya karɓi kuɗin direban Jahun, kada ranar haɗari ya ce masa sai ya zo Kano ko Legas da tulin takardu. A ɗauki hoton motocin, a haɗa da rahoton 'yan sanda, a tura ta wayar da aka biya, a ji alat.

Kuma NAICOM ta fito mana da alƙaluma jiha-jiha: nawa aka karɓa a Jigawa bara, nawa aka biya. Shugabannin NURTW na tashoshinmu, ku ya kamata ku fara wannan tambayar, mutanenku ne ake tsarewa a shinge.